Na je Tokiyo zaman jego, na tarar garin yana biki

Ni fa ba yawon buɗe ido ne ya kai ni Jafan ba, jego ne. Autarmu ce ta haihu a Tokiyo a tsakiyar watan Maris na 2024, mijinta yana karatun digiri na uku a can, Hajiyarmu kuma ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiya, shine tun kafin haihuwar aka nema min biza akace ni babbar ya in je in riƙe ta har tayi arba'in. Na tashi daga Kano ta Adis Ababa, jirgi ya yada zango a Koriya, sannan muka sauka a filin jirgin Narita, duk a cikin azumi. Akwatina guda kacokan kayan jego ne, garin kunu da kanwa da yaji da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, kilishi kam ban ɗauko ba don sai da mijin Auta ya kira ni har sau uku yana cewa "Yaya don Allah kar ki sako nama kowane iri, basa bari a shigo musu da shi, karnuka ne ma suke sunsuna kaya a filin jirgi". Da na sauka kuwa na ga karen da idona, ɗan ƙarami mai faffaɗan kunne, yana bin akwatunan mutane ɗaya bayan ɗaya.

Gidansu yana arewa da Asakusa, wata unguwa a Tokiyo, ɗaki biyu ne ƙanana da in ka miƙe hannu sai ka kusa taɓa bango biyu, amma banɗakin akwai wani baho mai zurfi da ruwan zafi ke zuwa da kansa, nace to Alhamdulillahi wankan jego ya samu, ba hura itace ba ɗaukar tukunya. Yarinyarsu ta fari shekararta biyar, takwarar Hajiyarmu ce don haka Ummi muke ce mata, tana zuwa makarantar rainon yara ta unguwa, Jafananci a bakinta kamar ruwa, ita ce ta zama tafintata duk zaman da nayi. Sai maƙwabciyarsu, wata tsohuwa da ta haura tamanin, 'yar firit da ita, kowa Obaacan yake ce mata wato kaka.

Ni a tunanina mutanen Jafan daga aiki sai aiki, mota da inji da kwamfuta, abin da muka sani kenan. Ban san na faɗo daidai lokacin da sanyi yake janye jiki garin yake buɗe ido ba. Su haru suke ce wa lokacin, mu bamu da irinsa don bazararmu zafi ce tsagwaronsa, wannan kuwa da safe sai ka sa rigar sanyi da rana ka cire.

Ranar 29 ga Maris ina dama kunu naji Ummi tana tsalle gaban talabijin tana cewa "Inna zo ki gani ta buɗe, ta buɗe". Na leƙo na ga wasu mutane cikin kwat sun tsaya ƙarƙashin wata bishiya sun ɗaga kai suna ƙirga fure da yatsa, 'yan jarida sun kewaye su da kyamara. Mijin Auta yace ma'aikatan hukumar yanayi ne, akwai bishiyar sakura guda ɗaya a harabar ɗakin bautar Yasukuni da aka ware, sai an ga fure biyar ko shida sun buɗe a jikinta sannan za a sanar a hukumance cewa sakura ta fara a Tokiyo. Da mutumin ya sanar sai jama'a suka hau tafi. Wallahi abin da ya faɗo min a rai shine daren duban wata, yadda muke kasa kunne a rediyo muna jiran sanarwa daga Sakkwato, gida yayi tsit, daga ance an gani sai yara su ɓarke da ihu. A shekarar ma ta makara, wadda ta gabata tun 14 ga Maris ta buɗe, shi yasa mutane suka ƙagu.

Ranar 4 ga Afrilu akace ta cika, Asabar ɗin da ta biyo baya muka bar Auta da jariri muka tafi lambun Ueno ni da Ummi da babanta. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Bishiyar nan babu ganye ko ɗaya a jikinta, fure ne zalla tun daga reshen ƙasa har ƙololuwa, fari mai ɗan sirkin ja kamar an ɗiga jan lalle a madara, rassan gefe da gefe sun haɗe a sama sun yi rumfa, mutum yana tafiya a ƙarƙashi kamar an kifa masa gajimare. Na tambaya ya akayi duk suka buɗe rana ɗaya kamar an haɗa baki, yace ai yawancinsu iri ɗaya ne, Somei Yoshino, kuma ba daga ƙwallo ake shuka su ba, aure ake musu kamar yadda muke yi wa mangwaro, don haka duk reshen uwa ɗaya ne, zafi ɗaya yake tashinsu. Babban titin an raba shi biyu, masu tafiya gefe masu dawowa gefe, ga mutane kamar kasuwar Kwari ana gobe sallah amma ba wanda ya bangaje ni.

A filayen gefe kuma aka shimfiɗa tampol shuɗi, kowace ƙungiya da nata, an jere takalma a bakin shimfiɗa kamar ƙofar masallaci. Hanami suke cewa, kallon fure. Na ga wani saurayi shi kaɗai a tsakiyar ƙaton tampol ya rungume jaka yana gyangyaɗi, nace wannan bawan Allah lafiya, ashe kamun waje aka aiko shi, sau da yawa sabon ma'aikaci ake turawa tun da safe ya tsare wuri kafin manya su iso, don su a watan Afrilu shekarar aiki da ta makaranta take farawa. Ana ta ci ana ta sha, giya kam akwai ta ba a ɓoye, ga layin rumfunan abinci da suke kira yatai, ƙamshin soyayyar taliya da gasasshiyar masara yana dukan hanci ni kuma bakina da azumi. Ummi da bata azumi aka saya mata dango, wasu dunƙule uku na garin shinkafa a tsinke, ja da fari da kore, tana ci tana leƙen fuskata tana cewa "Inna in rage miki na shan ruwa?". Abin da na tsaya na daɗe ina kallo wasu tsofaffi ne mata da miji a kan benci, basu da tampol basu da taro, flas ɗin shayi ɗaya ne tsakaninsu, iska ta kaɗo fure ɗaya ya faɗa cikin kofin mijin, matar ta leƙa ta nuna masa da yatsa, suka yi dariya a hankali ya shanye da furen a ciki.

Kwandon shara da wuya ka gani a titin garin, kowa da 'yar ledarsa a jaka yake komawa gida da shararsa. Tun ina mantawa har na saba.

Daga nan muka hau jirgin ƙasa muka tafi shan ruwa babban masallacin Tokiyo da ke kusa da tashar Yoyogi Uehara, wanda Turkawa suke riƙe da shi. Asalinsa tun 1938 Musulmin Tatar da suka yi hijira daga Rasha suka kafa shi, ginin yanzu kuma a 2000 aka buɗe, da hasumiya da ƙubba da rubutun ayoyi a bango. Ana ciyarwa kyauta a azumi, na zauna tsakanin wata 'yar Indonesiya da wata Bajafaniya da ta musulunta, rana ta faɗi shida da 'yan mintuna, ladan ya kira salla, ni dai sai na ji hawaye ba shiri don tunda na zo ban ji kiran salla da kunnena ba sai a waya.

Ana gobe sallah aka kwana biyu ana hadari, aka tafka ruwa da iska, da muka fito sallar idi ranar Laraba 10 ga wata duk furen nan ya zube, kwata da titi da saman motoci sun yi fari fat. Sati ɗaya da 'yan kwanaki kenan duk abin da aka shekara ana jira. Ranar sallar nan ta yi min nauyi gaskiya, ranar aiki ce a wurinsu, kowa yana sauri da jakarsa, an yi idi rukuni rukuni saboda masallaci ba zai ɗauke mu lokaci ɗaya ba, daga an sallame maza suka ruga tashar jirgi su koma ofis. Ba tambari ba algaita ba bindigar 'yan baka. Mun fi Najeriya da awa takwas, sai da dare yayi mana sannan aka fara turo mana hotunan hawa daga gida, ni da Auta muka haɗa kai a kan waya ɗaya muna kallo ba mai cewa komai. Na dafa tuwon shinkafa da miyar kuka na zuba a kwano na ba Ummi ta kai wa Obaacan, bayan awa guda kwanon ya dawo a wanke da lemo uku a ciki.

Ina jin mijin Auta ya lura da yadda na damu da rashin hawan nan, don wata Asabar bayan sallah sai ya shigo da tikiti yace "Yaya yau zan kai ki ki ga dawaki". A lambun Sumida ne bakin kogi, ga doguwar hasumiyar Skytree mai mita 634 a tsallake. Yabusame sunan abin, harbin kibiya a kan doki, al'adar mayaƙansu ce ta samurai tun ɗaruruwan shekaru. An zuba yashi an yi doguwar hanya miƙaƙƙiya, an kafa allon katako uku a jere da tazara tsakaninsu. Mahayin ya sha ado, hula mai faɗi, riga mai ɗinkin zare, fatar barewa a cinya, bakan nan ya fi shi tsawo don ya haura mita biyu. Sai a sako doki a guje, mutumin ya saki linzami gaba ɗaya ya tsaya a kan likkafa da ƙafafu kawai, ya zaro kibiya ya ɗana ya ja ya saki yana wata irin kururuwa, kafin ka ƙifta ido ya zaro ta biyu. In ya samu sai kaji ƙwas, allon ya tarwatse, jama'a su ɗau sowa. Duk sukuwar bata fi ka ja numfashi uku ba. Ni da na taso ina kallon jafi a Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe, na san me ake nufi da mutum ya mallaki doki, na san yadda mahayi yake tsayar da ingarma cak a gaban sarki ƙura ta tashi, amma sakin linzami a tsakiyar sukuwa ban taɓa gani ba. Akwai wanda ya kuskure duka ukun, da ya dawo ta gabanmu a hankali sai ya sunkuyar da kai, aka tafa masa kamar yadda aka tafa wa sauran. Dawakinsu dai basu da kwalliyar namu, ba ɗan kai ba jalala mai walƙiya, kuma ba kiɗa, sai naji ina ma a ce akwai kakaki ko guda ɗaya.

Sauran ƙarshen makon kuwa ba a rasa inda za a je. Mun je lambun Shinjuku Gyoen, yen 500 ake biya kuma an hana shiga da giya don haka na fi sakewa a can, akwai wata sakura mai cunkoson fure da take makara sai tsakiyar Afrilu. Mun je Kameido inda wani fure mai ruwan shuni da suke kira fuji yake reto daga rumfa a saman tafki. A Ginza duk Asabar da Lahadi da rana ana rufe babban titi a hana mota a fito da kujeru tsakiyar kwalta. A gefen lambun Yoyogi kuma kusan kowane sati da ƙasar da take baje kolinta, mun tarar da na Tailan a watan Mayu, cinkoso har ba wurin sa ƙafa. Wahalar kawai abinci ce, komai sai ka tambaya ko da alade ko da giya a miyar, sau tari sai mu haƙura sai mun biyo ta kasuwar Ameyoko mu sayi shawarma wurin Turkawa. Ga kuma mura da atishawa da ƙurar furen itacen sugi take sa mutane, rabin jirgin ƙasa da takunkumi, ni ma sai da ta taɓa ni.

Auta tayi arba'in daidai shigowar dogon hutunsu na ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, wanda ranakun hutu suke jeruwa, 29 ga Afrilu da 3 da 4 da 5 ga Mayu. Ta biyar ɗin ranar yara ce, asalinta ta 'ya'ya maza, sai ka ga an rataye wasu kifaye na yadi a sanda iska tana shiga ta bakinsu suna iyo a sama, koinobori, baƙi uba ja uwa ƙanana 'ya'ya. Fitar jariri ta farko muka kai shi hasumiyar Tokiyo, ja da farin nan da aka gina a 1958, tsawonta mita 333 shine suke rataye kifi 333 a gindinta. Da muka dawo Obaacan ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta kawo ɗan ƙaramin koinobori na sawa a taga da wata alawar shinkafa a naɗe cikin ganye, da wani damin dogon ganye mai ƙamshi wai shobu, tace a ranar ana zuba shi a ruwan wanka don lafiyar jiki. Nace wa Ummi gaya mata mu ma da ganye muke wa mai jego wanka, darbejiya ko runhu, a tsoma a ruwan zafi a fyaɗa a jiki kwana arba'in. Tsohuwar nan ta zaro ido ta zauna a bakin ƙofa tace a sake faɗa mata, ta tambayi kunun kanwa har sai da na zuba mata ta kurɓa. Jaririn ya tsala kuka Auta tana ta bata haƙuri saboda bangon gidan ba kauri, tace a'a a barshi, su a wurinsu yaro mai kuka shi yake girma, har gasar kukan jarirai ake yi a Asakusa.

Ranar ce mijin Auta ya fassara mana labarinta. Tana 'yar shekara bakwai jiragen Amurka suka yi wa gabashin Tokiyo ruwan wuta a daren 10 ga Maris 1945, mutum wajen dubu ɗari suka mutu a dare ɗaya, unguwar nan duk ta zama toka, mutane da yawa sun ƙone a kan gadar Kototoi da muke bi kullum in za mu bakin kogi. Babban ɗakin bautar Sensoji ma ya ƙone sai a 1958 aka gama sake shi, amma ɗan ƙaramin na gefensa, na Asakusa, wanda aka gina tun 1649, wuta bata ci shi ba. Ta faɗa ba kuka ba komai, tana shafa ƙafar jariri. Sannan tace in dai ban ga bikin Sanja ba to kar in ce na zo Asakusa, in ɗaga tafiyata. Na kuwa ɗaga da sati biyu.

Tun saura kwana goma unguwa ta canza. Aka zagaye tituna da igiya mai 'yan fararen takardu, aka rataye fitilun takarda a ƙofar shaguna, aka kafa wata rumfa a bakin layinmu dattawa suna zama a ciki, an manna sunan duk wanda ya bada gudummawa da abin da ya bayar a jikin allo kowa yana gani. Da daddare sai kaji sarewa da ganga yara suna koyo. Abin da na fahimta shine bikin nan na unguwanni ne, guda 44, kowace da shugabanninta da asusunta da rigarta, kamar dai yadda kowane hakimi yake fitowa da jama'arsa ranar hawa. Sanja ana yinsa ne don tunawa da mutum uku, wasu 'yan uwa biyu masunta da akace a shekarar 628 tarunsu ya kamo wani ɗan gunki a kogin Sumida, da mai unguwar da ya mayar da gidansa wurin ajiye shi, daga nan Sensoji ya samo asali. Kwana uku ake yi, a shekarar ya kama 17 zuwa 19 ga Mayu.

Juma'a jerin gwano ne, da masu rawa da suka yi shigar farin zalɓe da fukafukai da dogon wuya, ban daɗe ba na koma gida. Asabar ce ranar. Kowace unguwa ta fito da mikoshi ɗinta, wajen guda ɗari, wani ɗan ɗaki ne na katako da aka yi wa ado da ruwan zinare da ƙararrawa da tsuntsu a saman rufin, an ɗaure shi a kan manyan gungume, su a imaninsu abin bautarsu ne yake shiga ciki a zaga da shi gari. Masu ɗauka duk sun yi anko, 'yar riga mai tambarin unguwa a baya, ɗan ƙyalle a goshi, takalmin yadi mai raba babban yatsa. Wani dattijo ya hau kan benci ya buga katako biyu ƙwal ƙwal, aka yi tafi a tare, uku uku uku ɗaya, sai kawai abin ya tashi sama a kafaɗun mutane. Ba tafiya suke da shi ba, rawa suke, taku ƙanana ƙanana suna jijjiga shi da gangan suna "soiya soiya", ƙararrawa tana kaɗawa, in wani ya gaji sai ya zame wani ya cusa kafaɗa ba tare da an tsaya ba. Da mata a ciki, 'yan mata sun ɗaure gashi sun shiga gaba suna ihu fiye da mazan. Mutanen da na saba gani a jirgi shiru kamar an ɗinke musu baki, ko waya basa amsawa, yau ga su jiƙe da gumi murya ta dishe. Har ƙatuwar jar fitilar ƙofar Kaminarimon da kowa yake hoto a ƙarƙashinta an naɗe ta sama don mikoshi ya samu wucewa.

Ɗan Obaacan, mutum ne mai kimanin shekara hamsin da wani abu, kullum da safe nake ganinsa da kwat da jaka muna gaisawa da kai. Ranar da suka sauke mikoshi a kan dogayen kujeru don hutawa ya zo inda muke tsaye ya sassauta riga yana shan ruwa, sai na hango wani ƙullutu a bayan wuyansa wajen kafaɗa, kamar an cusa rabin lemo a ƙarƙashin fata. Na tsorata na zaci ciwo ne. Mijin Auta ya tambaye shi, yayi dariya ya daddaƙa wurin da hannu yace kanta ce, tun yana ɗan sha shida yake ɗauka, babansa ma da ita ya mutu. Yadda yake nuna ta kamar mai nuna lambar girma. Na tuna kantar da take goshin kakanmu da ta hannun masu jima a unguwarmu, abu ne da ba a saya sai an yi shekaru.

A nan ne kuma aka yi abin da har yau yake raina. Akwai na yara, ƙaramin mikoshi da wata ganga a kan amalanke da ake ja da doguwar igiya, duk yaran layi suna riƙe, ƙawayen Ummi na makaranta suna ciki da 'yan rigunansu suna kiranta da hannu. Yarinyar nan ta saki hannuna za ta ruga, babanta ya riƙo ta ya durƙusa daidai tsawonta yace "Ummi, mu kallo muke yi, wannan na addininsu ne, mu namu daban, kin tuna?". Ta fashe da kuka, ba kukan rigima ba, irin na yaron da aka ware. Wallahi zuciyata ta karye, kuma na san gaskiya ya faɗa, ni ma da shi zan tsaya, Allah Ya riƙe mu a kan tauhidi. Amma rainon ɗa a ƙasar da ba taka ba akwai wuya, don a Kano ba sai ka yi wa yaro wannan bayanin a tsakiyar titi yana kallon ƙawayensa ba. Na goya ta duk da girmanta muka bi su a gefe har suka gama zagaye. Al'adarsu in an gama ana raba wa duk yaron da ya ja igiya jakar alawa da biskit. Muna juyawa za mu tafi sai ga ɗan Obaacan ya biyo mu da jaka ɗaya a hannu, ya miƙa wa Ummi da hannu biyu, yace ita ma 'yar unguwa ce kuma ta zagaya da ƙafar innarta. Bai tambayi dalili ba, bai nuna an ɓata masa ba. Da muka je gida muka zazzage jakar a tabarma babanta yana karanta bayan kowace leda yana ware masu sinadarin alade, ya rage mata fiye da rabi, ta ɗebo biyu ta ajiye kusa da kan ƙaninta wai nasa ne.

Lahadi tun da sassafe ake fito da manyan mikoshi guda uku na ɗakin bautar Asakusa kansa, kowanne nauyinsa ya kai tan guda, su rabu uku su zaga unguwanni, ana miƙa shi daga hannun wannan unguwa zuwa waccan a kan iyaka, ba wadda take ƙetare layin wata. Nan ne ake turereniya ta gaske don kowa yana so kafaɗarsa ta taɓa, har da wasu masu zanen tatu a duk jikinsu da a ranar kawai suke buɗe shi a fili. An hana hawa kan mikoshi, har an taɓa soke fitowar manyan a 2008 saboda wasu sun hau a shekarar da ta gabata. Da ya iso layinmu da yamma ni ina tagar bene riƙe da jariri, daga sama ba ka ganin mutum ɗaya ɗaya sai kawuna da kafaɗu suna tangaɗi kamar ruwa, abin yana tafiya ya karkata kamar zai faɗa shagon mai awara sai a taru a dawo da shi. Obaacan tana bakin ƙofarta a kan 'yar kujera da sandarta, tana tafi a hankali daidai da takunsu, bakinta yana motsi.

Kafin sallar isha an kwance rumfar bakin layi rabi, samari da dattawa da rigunan ankonsu suna bi da tsintsiya da leda suna tsince ko guntun sigari. Da asuba na leƙa titi tas kamar ba a yi komai ba, sai igiyar nan mai fararen takardu da ba a sauke ba tukuna. Wajen bakwai da rabi ina shanya kayan jariri sai ga ɗan Obaacan ya fito da kwat ɗinsa, ya riƙe jakar a hannun hagu don kafaɗar dama ta ƙi ɗaguwa, ya ɗago ya ganni ya sunkuyar da kai, ya buɗe baki zai gaishe ni murya ta ƙi fita, ya nuna maƙogwaronsa yayi murmushi ya nufi tasha. Ni kuma na koma ciki na fara haɗa akwati don jirgina ranar Laraba ne, Ummi ta zauna a kan akwatin tace ba inda za ni sai na yi mata alkawarin in ta zo Kano zan kai ta ta ga dawaki.